Ƙanƙara a Tarmus ɗin Ɗantala

Shekara ashirin yayana Ɗantala yana sayar da shayi a bakin babban masallacin Zongo na Kwatano, kuma duk mai zama a bencinsa ya san ba ya shan abu mai sanyi. Ni kuwa ƙanwarsa, Karimatou, ƙanƙara nake sayarwa. In na wuce da kwanona sai ya ce, "Ga mai tallan ajali."

Ba wasa ba ne zalla. Muna yara innarmu ta yi zazzaɓi, ta nemi ruwan sanyi, ta sha, kwana biyu ta rasu. Dangi suka ce ruwan ne. Ni na miƙa mata kofin.

Shekarar zaɓe na biyu bayan dawowar mulkin farar hula aka gano Ɗantala yana da ciwon daji a hanji. Likita ta ce maganin da za a ɗura masa yana cin fatar baki, don haka ya riƙa tsotsar ƙanƙara rabin awa yayin ɗurawar, sanyi zai rage maganin da ke kaiwa bakin. Ɗantala ya ce to. Da aka fara ɗurawar aka ba shi ƙanƙarar, tana juya baya ya tofar a hankicinsa. Na gani, ban gaya wa likita ba, don ni ma tsoron nake ji.

Kwana shida bakinsa ya ɗaye. Ko yawu ba ya iya haɗiyewa, ya rame har zobensa na zamewa. Likita ta ce in haka ta sake faruwa dole a dakatar da maganin, ciwon kuma ba ya jira.

Ranar ɗura magani karo na biyu na farfasa ƙanƙara, na cika tarmus ɗinsa na shayi, na hau zemijan, babur ɗin haya, zuwa asibiti. Aka sa allura. Na buɗe murfin. Ya daɗe yana kallon ciki, goshinsa na zufa.

"Yaya, don Allah," na ce.

Ya kama hannuna. "Karimatou, zan sha. Amma in na mutu a lopital ɗin nan, ki ce wa dangi cutar ce. Kar ki yarda a sake ɗora maki laifi."

Ya buɗe baki. Na sa masa gutsure na farko, ya fara tsotsa.