Wutar Kudu da Tsohuwar Titi

Pirihira ba ta taɓa ƙaunar wutar nan da ke haska saman kudu da dare ba. Baƙi na tsallako teku su zo tsibirin Rakiura, can ƙarshen kudancin duniya, su saki baki suna kallonta, ita kuwa da ta ga kudu ya fara ja sai ta ja tsaki.

Tana da dalili. Tun tana jaririya ake kai ta ɗan tsibirin danginsu kamun titi, tsuntsun teku mai maiƙo da ke ƙyanƙyasa a rami. 'Ya'yan ba sa leƙowa sai duhu ya yi duhu, ga iska ga yayyafi, sannan a bi su da tocila, a fige su a sa gishiri a adana. Sama ta haska kuwa, su lafe, kai ka koma hannu rabbana.

Bana gwiwa ta ƙi, yatsu ko figa ba sa iyawa. Ta gaji, wallahi ta gaji. In babu na jininta da zai karɓi yankin da ta gada, daji zai cinye hanyoyin. Ɗa guda gare ta, Matiu, direban babbar mota a wurin haƙar ma'adinai a Ostireliya. Da ƙyar da jiɓin goshi ya zo.

Duhu na shiga suka sa takalman roba, sai ga kudu ya ɗauki ja da kore.

"Shi ke nan," in ji ta. "Cire takalminka."

"Haba Mama, dubi kyau! Ƙura ce rana ke fesowa, ta bugi iskar can sama ta kama haske."

"Sannu, malamin rana. Ƙurar za mu sa wa gishiri?"

Ya yi dariya, suka zauna bakin bukka. Can ya ce, "Mama, ba zan iya barin aiki duk shekara ba. Yarana ma ko warin titi ba sa so."

Ba ta yi faɗa ba, ƙarfin faɗan ma babu. Ta daɗe tana murza gwiwa.

"Kakata cewa take, kakanninmu ne da suka tuƙa kwalekwale kudu, ƙanƙara ta riƙe su. Su ke hura wutar don na gida su san suna raye."

"Tatsuniya ce, Mama."

"Na sani." Ta fara kiciniyar zare takalmi. "In ka koma, ka riƙa bugo waya dai."