Kwalbar da Wan Mijina Ya Ƙi Tofawa

Ɗana ba ya magana. Yana da shekara tara lokacin. Ba ya kallon idon mutum, yini yake yi yana jera tsakuwa, in ya ji ƙarar babur sai ya toshe kunne. Ranar da 'yan bindiga suka shigo Gwaska, shi ya fara toshe kunne, na ja shi muka faɗa cikin dawa. Ubansa bai tsira ba.

Muka koma Birnin Gwari. Ko arba'in ba a yi ba wan mijina ya ce gonar marigayi tasa ce. Wai yaron ɗan ruwa ne, aljanu suka musanya shi a goyo, ba jininsu ba ne balle ya ci gado.

Ana cikin haka masu bincike suka zo asibiti, fes da su, ko ruwan garinmu ba sa sha. Na kai musu yaron, suka ce lalurar sunanta otizim, suna neman asalinta a jinin iyaye da 'ya'ya. Na ɗauka alƙalai Allah ya kawo mini.

Wata mai tabarau ta miƙo ƙananan kwalabe uku, a tofa yawu.

"Ta ukun ta babansa ce, Mama."

"Kabarinsa yana daji. Ki je ki karɓo."

Ta sunkuyar da kai. Na tambaye ta ko yawun zai nuna yaron jinin gidansu ne. Ta ce ba aikinsu ke nan ba. Magani fa? Babu tukuna. Sakamako sai bayan shekaru, domin 'ya'yan da ba a haifa ba. Duk wannan boko, ga yaro a gabansu, su na gobe suke nema.

Muka tofa a biyu. Ta ukun na ƙulle ta a bakin zane.

A wajenmu ba a ba baƙo yawu, ko gashi, ko farce. Kowa ya san abin da ake yi wa mutum da su. Wan mijina kuwa ko aski ya yi sai ya binne gashin da hannunsa.

Ranar da aka zauna gaban mai unguwa na ajiye kwalbar a tabarma.

"Yaya, tofa. Likitoci za su haɗa da na yaron. In ba jininku ba ne, na bar gona."

"Ke, yawuna za ki kai wa baƙi?"

"Ai da baki ka yi maganar. Yawun ne ya yi tsada?"

Dattawa suka yi dariya. Ya dubi kwalbar kamar kunama, ya haɗiye yawunsa.

"Ni da wasa nake. Ɗan ƙanena ne."

Mai unguwa ya sa shi ya maimaita da ƙarfi.

Masu binciken ba su dawo ba, ban kuma jira su ba. Gonar na ba wani yana nomawa muna rabawa, duk shekarar da 'yan bindiga suka bari. Kwalbar tana wurin ɗana, a cikin jerin tsakuwarsa.