A Matsar da Buhu Huɗu Baya

Ni ce 'yar fari a gidanmu, saboda haka Baba bai taɓa kiran sunana ba. "Waccan" nake. Ko ina tsaye a gabansa yana son ruwa, Inna zai ce wa, "A kawo ruwa." Kunya ce, kowa ya sani. Amma autarmu, wadda na ba shekara huɗu, har gardama take yi da shi kan labaran rediyo, yana dariya.

Shekarar da na gama sakandare ya sa mai walda ya haɗa masa amalanken ƙarfe mai taya biyu. Yakan ɗaura shi a bayan a-kori-kurarsa ya kwaso gero daga Baure zuwa Daura, ko ya kai wake Bauren daga nan gida. Da an ɗaura amalanken da kaya sai gindin motar ya zauna daɓas. Fitilu su kalli sama, bututun hayaƙi yana kartar ƙasa a ƙofar gida. Sitiyarin ma, in ji shi, ba ya jin sa a hannu.

Ya kai wa bakanike, aka canza shokozoba. Ya je shagon wani ɗan kudu mai kayan gyara ya sayo sifirin na ƙarƙashin mota, aka ƙara falle ɗaiɗai kowane gefe. Ba kaya, mota ta ɗaga gindi. Aka ɗaura amalanke, ta koma ta durƙusa.

Tun da aka fara shari'ar Musulunci a jiharmu Baba ya hana mu hawa acaɓa, don haka zaman gida nake, ba ni da abin kallo sai lodi ta ƙofar zaure. Kwana biyu na gane. Masu lodi a gaba suke jibge buhuna, jikin ƙugiyar da ke haɗa amalanken da mota, wai kada su zame. Nauyin duka a wuyan amalanke, wuyan kuma a kan gindin mota. Ko mai amalanken shanu ya san in ya yi haka shanunsa za su gurfana.

Ta ina zan gaya masa? Sai na gaya wa auta muna tankaɗe.

"Ki ce masa a matsar da buhu huɗu baya, su hau kan tayoyin amalanken."

Ta faɗa masa yana cin tuwo.

"Ke, wa ya koya miki wannan?"

"Kai Baba, tunani ne kawai."

Ina bayan ƙofa riƙe da kwanon sha. Saura kaɗan in kwara mata shi.

Washegari mota ta miƙe sak. Ina ji yana gaya wa abokansa a ƙofar gida, "Autar nan tawa injiniya ce." Ya sa ta a gidan gaba suka tafi Baure, ta dawo da sabon hijabi da maiƙon tsire a baki.

Na tare ta a ɗaki. "Ɓarauniya."

"To Yaya, ga shi can a zaune, je ki faɗa masa mana."

Ta san ba zan iya ba, shi ya sa ta faɗa tana taunar cingam.

Kan auta ya kumbura. Mako na gaba, ana lodin wake da safe, na ji ta tana cewa, "Baba, a tura su baya gaba ɗaya, motar ta huta sosai." Na san in nauyi ya koma bayan taya amalanke zai riƙa kaɗa wutsiya a titi, ya ja motar da shi. Na ji, na sani, na ci gaba da tsince shinkafa. Na ce bari injiniya ta yi aikinta.

Kafin azahar suka dawo, ba su ko kai kasuwa ba. Auta ta shigo ba takalmi ɗaya. Wai amalanken ne ya yi ta jifa da su hagu da dama har suka sauka titi, buhu biyu suka faɗo, ɗaya ya fashe. Na yi sauri na ɗebo mata ruwa. Amma ba zan yi ƙarya ba, wani wuri a raina sanyi ya ji.

Baba ya zauna a kan tabarma. Can ya dubi Inna.

"Tambayar min waccan, a ina ya kamata kayan su tsaya."

Inna ta dube ni. Ni ma Innar na duba, na ce, "Masu nauyi a kan taya. Gaba ya ɗan rinjaya, kaɗan."

"To," in ji shi. "Ki ce mata tun da ta san haka da safe, ai da ta aiko, kamar yadda ta aiko wancan karon."

Ashe ya sani tun ranar farko. Na tashi na shige ɗaki. Daga can ina jin sa a tsakar gida yana lallashin auta, yana kiran sunanta, har sau uku na ƙirga.