Lagar a Tsakiyar Gonar Baba

A garinmu, kudu da Damagaram, akwai wurin da har yau ake ce wa Lagar. Baƙo in ya ji sai ya ɗauka tashar jirgin ƙasa ce, don ma'anar kalmar ke nan da Faransanci. Jirgi bai taɓa zuwa ba, ko ƙarfen dogo ɗaya ba a shimfiɗa ba. Wurin tsakiyar gonar babanmu ne, jigawar da ta fi ba mu gyaɗa.

Ina saurayi masu awo suka zo da mota, suka kakkafa turakun siminti, suka gina dakali da rumfar kwano. Suka ce jirgi zai riƙa tasowa daga Kano, ya tsaya nan ya ɗauki mutane da kaya. Kada a shuka komai tsakanin turakun, in ji su, kuma a share duk abin da ya tsiro. Wai ba ƙwace gonar suka yi ba, ranar da aiki ya tashi za a zauna da mai ita.

Turakun sun miƙe har iyakarmu, cikin abin da ya tsiro har da gamba, kuma mu nan da gamba ake iyakar gona. Kakanmu ne ya dasa layin da ya raba mu da maƙwabci, a jikinsa muke yankan ciyawar zana. Baba ya tone shi har saiwa. Inna ta roƙe shi ya bar ko gindi ɗaya, ya ce shi ba zai zama mutumin da ya hana garinsu jirgi ba.

Da farko wurin ya yi armashi. Mata na kai fura da dafaffiyar gyaɗa rumfar, masu kamiyo, manyan motocin kaya, na tsayawa. Abokan wasan Baba suka sa masa suna shugaban tasha, kullum suna tambayarsa ko jirginsa ya makara ne. Yakan yi dariya. Masu awo kuwa ko sau ɗaya ba su sake leƙo mu ba. Iska ta yaye kwanon, aka kwashe saura, awaki suka gaje dakalin. Duk da haka kowace damina sai Baba ya nome kewayen turakun don kada su ɓace, bai kuma yarda an jefa ko ƙwayar iri ba. Shekarar da gero ya gaza mana muka taru muka roƙe shi, ya ƙi. A haka ya rasu.

Daminar da ta biyo na fita da iri, na tarar an riga ni. Ɗan maƙwabcinmu ya sayar wa wani ɗan kasuwar Zango gonarsu, ya haɗa masa da jigawarmu. Na kai ƙara gaban mai gari. Tsofaffin da suka san layin sun ƙare, sauran suka ce su dai sun tashi sun ga fili ba mai noma.

"Ɗana, ina gambarku?" in ji mai gari.

"Ranka ya daɗe, sawa aka yi Baba ya tone ta."

"Wa ya sa shi?"

Ba ni da sunan ko mutum ɗaya a cikin masu awon. Na shiga Damagaram, wannan buro na gwamnati ya tura ni wancan ofis. A na ƙarshe wani yaro mai kwat ya dube ni yana murmushi, ya ce shi bai taɓa jin maganar jirgi a wajenmu ba.

Har yau in na tuna murmushin nan raina ɓaci yake. Masu awo sun zo sun ba dattijo umarni, ya bi su da gaskiya har iyalinsa suka kwana da yunwa, amma babu wanda ya ga ya kamata ya dawo ya ce masa an fasa. Kalma ɗaya ce, ba ta fi ƙarfinsu ba.

Mai gari ya yanke iyaka daidai inda karan geronmu ya ƙare. Abin da ya rage mini ba ya kai mu rani, shi ya sa nake zuwa ƙodago gonakin mutane. Bara ɗan kasuwar ya aiko a tambaye ni ko zan nome masa jigawar, tunda na san ƙasar. Na ce a gaya masa ya nemi wani.