Jego da Ɗaurarren Ido

Ciwon idon nan da ake kira Afolo ya shigo Unguwar Kanawa ina da tsohon ciki, bai kuma tashi kama ni ba sai da naƙuda ta zo. Na haihu idona a kumbure, kwantsa ta liƙe shi ruf. Kukan yarinyar kawai na ji.

A lokacin kowa ya yarda cewa da kallo ake ɗaukarsa. Goggon mijina, wadda ta zo daga Katsina don yi min wankan jego, ta fi kowa yarda. Ta yage tsohon kallabi ta ɗaure min fuska.

"Ba ki kallon ɗiyar nan sai kin warke," in ji ta. "Ido gare ki kamar garwashi."

"Goggo, ko sau ɗaya?"

"Ko rabin sau."

Ɗaki ɗaya ne da mu a gidan haya. Mijina akawu ne, ya sayi baƙin tabarau ya ci gaba da zuwa ofis abinsa. Ni kuwa ina kan gado, daga wankan ruwan zafi sai kunun kanwa, sai duhu. In an miƙo min ita in ba ta nono, sai in bi ta da yatsa a ɓoye: goshi, hanci, da wani ɗan tudu a bayan kunnenta na hagu. Masu barka suna shigowa suna rabon kamanni. Wannan ta ce hancin uban ne, waccan ta ce bakin kakarta ne. Har mai kawo mana itace ya ga 'yata, ban da ni. Haushi ya ishe ni, na yi kuka, Goggo ta ce hawaye ma magani ne.

Sai bayan suna idon ya washe. Da hantsi Goggo ta kwance kallabin. Ƙanwar mijina, wadda ba ta gajiya da tsokana, ta riga ta aro jaririyar maƙwabciyarmu, ta kwantar da su biyu a kan tabarma cikin zani iri ɗaya.

"To, matar yaya, ɗauki taki."

Matan gidan suka cika ƙofa suna dariya. Na duba ta dama, na duba ta hagu. Jarirai biyu jajaye, suna barci, ba wadda zuciyata ta motsa a kanta. Na ji tsoro ƙwarai, irin wanda ban ji ba ko a naƙuda, domin ashe ana iya sauya min 'ya in karɓa in yi godiya.

Dariyar ta fara mutuwa. Na durƙusa a bakin tabarmar, na rufe idon da na yi ta roƙo a buɗe min, na miƙa hannu ina laluben bayan kunne.