Ƙusoshin da Baba ya zare

Abubuwa da yawa sun shige min tun zuwana ƙasar nan, amma ranar da na kai mahaifina kallon matattun jiragen ruwa tana nan daram, ba ta zuwa ko'ina.

Lokacin gwamnatin Ingila ta tsuke bakin aljihu. Council, wato ƙaramar hukumar da nake yi wa aiki, ya rage ma'aikata, ina cikin waɗanda aka sallama bayan shekara shida ina aikin safiyo. Zaman gida a unguwarmu ta Longsight ya ishe ni, sai na shiga wata ƙungiyar 'yan sa-kai da ke zuwa inda kogin Mersey yake haɗuwa da teku. Akwai tsofaffin jiragen katako a wurin, waɗanda suka yi dakon gawayi da gishiri a zamanin da, aka watsar da su cikin taɓo. Idan ruwa ya janye sai mu auna su, mu zana, mu ɗauki hoto kafin ya dawo. Dokar wurin guda ce: ba a ɗaukar komai, ba a gusar da komai. Ni dai ba son tarihi ya kai ni ba. Shugabarmu, wata Baturiya mai furfura, ta yi alkawarin rubuta min takardar shaida, kuma da ita nake sa ran samun sabon aiki.

Baba ya zo daga Yauri ganin jikokinsa. Masassaƙin jirgi ne, shekara arba'in yana yi. Wata biyu yana zaune a falo yana kallon taga, sai na ce ya biyo ni ya sha iska. Na ara masa takalmin roba da rigar sanyi, na zaunar da shi kusa da wani jirgi da ba mu fara aunawa ba, na tafi aikina. Ban gaya masa dokar ba, ko a raina abin bai zo ba.

Bayan kamar awa guda na hango shi yana takawa cikin taɓo, ya nufi shugabarmu da wani ƙunshi a hankicinsa. Ya buɗe mata yana murmushi. Manyan ƙusoshi ne goma sha ɗaya, ya goge musu tsatsa, ya jera su reras. A garinmu ba a barin ƙarfe jikin mataccen jirgi, zarewa ake a kai wa maƙeri ya gyara. Shi a ganinsa ya rage mana aiki ne.

Fuskar matar ta yi ja. Ni kuwa takardata kawai nake gani tana tafiya. Wallahi ban san lokacin da na ɗaga murya ba.

"Haba Baba! Wa ya sa ka? Nan fa ba Yauri ba ne! Ka zo ka ɓata min komai!"

Ba su jin Hausa, amma kowa ya gane 'ya ce take yi wa ubanta tsawa. Baba da tun ina ƙarama Uwata yake kirana, ya dube ni ya ce, "Ke, gaya mata zan mayar da su."

Muka bi shi har jikin jirgin. Ya riƙa ɗaukar ƙusa yana shafa katakon da yatsa, kowace ya sa ta a raminta, ba ya ko shakka. Matar ta ce mayarwa ba ta goge abin da aka yi, dole ta rubuta cewa an taɓa su. Ta rubuta kuwa. Sannan ta tambaye shi yadda ya gane ramukan. Ya ce bakwai maƙeri ɗaya ya ƙera su, huɗun nan kuwa na gyara ne, an buga su cikin gaggawa, mai jirgin ba shi da halin tsayawa. Ta durƙusa cikin taɓon nan tana tambaya, yana amsawa, ina fassara musu, har ruwa ya fara dawowa. Da me kuke toshe tsaga? Wace bishiya kuke sarewa? Wa ya koya maka? A nan na fara jin cewa kakata ce take murza musu audugar toshe jirgi.

Muka shiga mota muka kama hanyar gida. Na ba shi haƙuri da muka iso, ya ce ba komai, ya shiga yin alwala. Takardar kuwa an rubuta min, aiki ma na samu a Birmingham kafin shekara ta fita. Baba ya koma gida, bai ƙara yi min zancen jirgi ba, ni ma kunya ta hana ni tayar da shi. Na riƙa cewa sai na je hutu. Allah ya yi masa rasuwa kafin in je.

Shafi uku matar nan ta rubuta daga bakinsa, ta aiko min da kwafi. Duk abin da na sani game da sana'ar ubana ke nan, kuma baƙuwa ce ta tambaya. Tun daga nan na koyi cewa in kana da tsoho a gida, ka zauna ka tambaye shi yau, kada ka ce sai ka samu lokaci.