Goggon Waya da ruwan rijiya

Ƙarfe bakwai na safe take buɗe ofis, tun mai shara bai iso ba. Ta jona wayoyi uku a caji, ta kunna rediyo ƙasa-ƙasa, ta jawo littafinta da biro. Daga nan har yamma aikinta saurare ne. Ofishin na wata ƙungiya ce mai zaman kanta da ke ƙoƙarin tare kisan ƙare dangi tun bai soma ba, ita kuwa mai ɗaukar waya ce. Shekararta ashirin da biyu a kujerar nan, ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Mu abokan aikinta Goggon Waya muke ce mata.

Masu kiranta ba manya ba ne. Direban haya ne da ya ji fasinjoji suna kiran wata ƙabila ɓeraye, ko maƙerin da aka ba aikin adduna masu yawa alhali ba lokacin sharar gona ba ne. Kowa ta tambaye shi, "Ɗana, da idonka ka gani, ko ji ka yi?" Ta rubuta, ta kira wani ta tabbatar, sannan ta sanar da na sama. Ba kullum ake jin maganarta ba. Akwai wani ƙauye da ta yi gargaɗi a kansa sau uku aka share har abin da take tsoro ya auku, har yau ba ta iya ambatonsa.

Wani tela ne ya ba ni labarin ranar rijiya. Yara biyu sun rasu a unguwarsu cikin mako guda, sai magana ta tashi cewa mutanen tsallaken titi, masu wani yare daban, sun zuba guba a rijiya. Kafin tsakar rana an fara shafa jan fenti a ƙofofin mutanen tsallaken, don a gane gidajen da za a afka wa. Telan ya kira Goggo. Ta sanar da hukuma, aka ce mota na tafe. Ta kira ma'aikaciyar jinyar da ta duba yaran, ta ce mata ƙyanda ce. Sai Goggo ta tare babur ta hau ta nufi unguwar da kanta, abin da dokar ofis ta hana.

Ta tarar da samari riƙe da sanduna da adduna sun kewaye rijiyar. Ta ratsa su ta ce da jagoransu, "Ɗana, jawo min ruwa."

"Goggo, guba ce a ciki!"

"To ai ni na ci zamanina. In na faɗi, ka yi gaskiya. In ban faɗi ba, za ka bi ni mu goge fentin nan."

Ta kafa baki a guga ta sha, ta ƙara, ta zauna a bakin rijiyar. Aka zuba mata ido ana jiran ta faɗi. Can sai mahaifin ɗaya daga cikin yaran ya fito daga taron ya durƙusa gabanta yana kuka. Ta riƙe hannunsa, ta kira ma'aikaciyar jinyar, ta kara masa wayar a kunne. Shi ya fara ɗaukar tsumma. Da motar hukuma ta iso, wanke ƙofofi ta tarar ana yi.

Na tambaye ta ko ta ji tsoro. Ta yi dariya ta ce, "Kai dai bari. Ƙafafuna ne suka ƙi ɗaukata, shi ya sa na zauna." Ladan da ta samu a ofis takardar gargaɗi ce.

Goggo, ke ce wadda ba a taɓa sa hotonta a jarida ba, domin ranar da aikinki ya yi kyau babu labarin da za a buga. Ke ce kunnen unguwanni, mai sanyaya zuciya tun ba ta tafasa ba. Akwai yara a tsallaken titin nan da suke zuwa makaranta yau, ba su ma san da ke ba. A madadinsu muna godiya. Allah Ya ba ki hutu mai daɗi.

Mu kuma da muka rage, in mun ji ana kiran maƙwabcinmu da sunan dabba, kada mu jira wata Goggo ta hau babur. Mu buɗe baki mu ce mutum ne, tun a wurin.